Babi na Bakwai: Kayan da Ba a Ƙwacewa a Kan Iyaka

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Wanda ya shiga kara da hantsi, lokacin da ƙura ta tashi dillalai suka fara tafa hannu, zai ji harsuna sun cakuɗe kamar gero da wake a buhu ɗaya: Hausa ce uwa, ga Fulatanci, ga Buzanci, ga Barbarci, wani lokaci har Faransanci daga bakin matasan da suka tsallako daga Dungas ko Magarya. A nan ne, shekarun baya, wani dattijo mai raguna ya kunyata ni ba da niyya ba.

"Yaro, kai ɗan ina ne?"

"Daga Ɗanzomo nake, Baba."

"To, ƙasar Lautai ke nan. Bamange ne kai?"

Na ce masa haka kakata take faɗa. Sai ya saki fuska, ya jero mini wata doguwar gaisuwa da Manganci. Na tsaya ina kallon bakinsa kamar wanda ake yi wa karatun Sinanci. Da ya ga ko kalma ɗaya ban kama ba, ya yi dariya, ya koma Hausa, ya ce, "Ba komai, ɗana. Duk haka kuke yanzu." Muka gama ciniki, na ja ragona na tafi, amma maganar ta riga ta zauna mini a rai.

Gaskiyarsa ce. Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel, ƙasar Lautai, wajen 1750. Ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno take kai wa gaisuwa. Ta sha gwabzawa da Haɗeja, ta sha wuya a hannun Damagaram, kuma tsohon mazauninta, Tumbi, yau yana cikin Jamhuriyar Nijar tun da Ingila da Faransa suka ja layinsu. A 1903 Turawa suka karɓi ƙasar. Duk da haka sarauta tana nan, fada tana nan, gonakin kakanni suna hannun jikoki. Harshen ne kawai ya sulale, ba yaƙi, ba kora, ba wanda ya hana mu.

Wannan babi a kan wasu mutane ne da nasu lamarin ya zo a juye. Sun rasa ƙasa sau biyu ko uku, ba su da sarki, ba su da tuta, amma da suka tashi gudu sai suka ɗauki harshe da suna a ka.

Su kansu suna kiran kansu Hmong. Harafin farko kusan ba a jin sa, iska ce kawai ake fitarwa ta hanci, sai a ce "mong". A ƙasar Sin kuwa gwamnati ta haɗa su da wasu 'yan'uwansu masu harsuna makusanta ta kira su duka Miao, ɗaya daga ƙabilu 56 da ƙasar ta amince da su. Ƙidayar 2020 ta sami Miao sama da miliyan 11, akasarinsu a tsaunukan lardunan Guizhou, Hunan da Yunnan. A Biyetnam sun kusa miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, a Laos sun kusa dubu ɗari shida, akwai su a Tailan, sannan sama da dubu ɗari uku suna Amurka. Sai dai a kula: na cikin Sin ba su damu da sunan Miao ba, amma waɗanda ke waje da yawa suna jin sa kamar zagi, saboda yadda maƙwabta suka daɗe suna furta shi da raini. Bahaushe ya san irin wannan. Akwai sunayen da muke kiran wasu ƙabilu da su, mu ba mu ga laifinsu ba, masu su kuwa suna jin su har cikin ƙashi.

Abin da ya hau da su kan dutse tun farko, ƙarfin sarakunan Sin ne. Ana ƙwace musu kwari mai ruwa, suna ja da baya. A zamanin daular Ming har ganuwa aka gina a yammacin Hunan don a killace su, kufanta na nan kusa da garin Fenghuang. Sun yi tawaye a 1735, sun sake a 1795, sannan babban wanda ya ci kusan shekara ashirin, daga 1854 zuwa 1873. Jagoran da aka fi tunawa a wannan na ƙarshe shi ne Zhang Xiumei, wanda aka kama aka kashe a 1872. Duk lokacin da aka murƙushe su, sai wasu su ƙulla kaya su yi kudu, har suka bazu a tsaunukan Biyetnam da Laos. Can ma ba su huta ba. Faransawa suka ɗora musu haraji mai nauyi, har wani mai suna Pa Chay Vue ya ja su yaƙi daga 1918 zuwa 1921. Faransawa suka sa wa abin suna "yaƙin mahaukaci", kamar dai yadda 'yan mulkin mallaka ke kiran duk wanda ya ce ba zai biya ba.

Yanzu ga inda labarin ya zama kamar na gida. A yankin Nong Het na Laos manyan dangi biyu ne ke jan ragama, Lo da Ly, kuma akwai auratayya a tsakaninsu. A ƙarshen shekarun 1930 Faransawa suka ba Touby Lyfoung, matashi mai ilimin boko, wata sarauta mai kama da hakimci, wadda kawunsa Faydang Lobliayao yake ganin gadon gidansu ce. Daga nan aka ɓata. Touby ya bi Faransa da sarkin Laos, har ya zama minista a gwamnatin sarki. Faydang ya bi 'yan gurguzu. Rigimar rawani tsakanin kawu da ɗan 'yar'uwa ta shige cikin yaƙin cacar baka na duniya, ta raba al'umma guda gida biyu. Da 'yan gurguzu suka ci ƙasar a 1975, Faydang ya sami babbar kujera a majalisa, Touby kuwa ya mutu a sansanin da ake tsare mutanen tsohuwar gwamnati a 1979. Duk wanda ya san yadda rikicin sarauta ke cin zumunci a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sunan da ya fi kowane amo a wancan zamani shi ne Janar Vang Pao. Daga 1961 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta ɗauke shi ya tara mata mayaƙa, aka yi yaƙin da Amurka ta shekara da shekaru tana musun tana yin sa. Sansaninsa na Long Tieng, wanda ba ya cikin taswira, ya cika ya batse har ya zama ɗaya daga manyan garuruwan Laos. Tsakanin 1964 da 1973 jiragen Amurka sun zuba wa ƙasar bama-bamai sama da tan miliyan biyu. Cikin mayaƙan akwai Lee Lue, malamin makaranta da ya koyi tuƙin jirgin yaƙi, ya yi ta tashi sau da yawa a rana har aka harbo shi a 1969. Hmong dubun-dubata suka mutu. Da manya suka ƙare, yara aka riƙa ɗauka, wasu bindigar ta kusa tsawonsu. A watan Mayu na 1975 jirage suka kwashe Janar da 'yan dubbai, sauran aka bar su da ƙafafunsu. Suka bi daji, suka tsallake kogin Mekong da dare a kan gora, wanda ya kai ya kai, wanda ruwa ya ci ya ci.

Ba na iya yanke wa Vang Pao hukunci guda. Tsofaffin sojojinsa sun ɗauke shi uba har ya rasu a Kalifoniya a watan Janairun 2011. Amma mutumin da ya kai yara bakin daga saboda yaƙin wata ƙasa, ni dai ba zan sa shi a sahun farko ba. Amurkar da ya yi wa aiki ma ta kama shi a 2007 bisa zargin shirya juyin mulki a Laos, ta janye ƙarar a 2009, da ya mutu kuma ta ƙi yarda a binne shi a maƙabartar sojojinta ta Arlington. Wanda ya hau dokin wani, a hanya ake sauke shi.

Wanda zan sa a sahun farko manomi ne. Sunansa Shong Lue Yang, an haife shi a 1929, bai taɓa zama gaban malami ba, ba ya karatu da kowane harshe. Hmong suna da wata tsohuwar tatsuniya cewa da can suna da littafi, sai wajen gudu ya faɗa kogi, ko dawakai suka cinye shi, mata kuma suka ɓoye ragowar baƙaƙen a cikin surfanin tufafinsu. Ka ga ke nan rashin rubutu ciwo ne a zuciyarsu, abin da maƙwabta ke yi musu gori da shi. A 1959 wannan manomi ya fito da baƙaƙe nasa na kansa, waɗanda ake kira Pahawh, yana cewa daga sama aka koya masa. Maganar daga sama tasa ce da mabiyansa. Abin da masana harshe suka tabbatar shi ne tsarin ya yi aiki: ya ware baƙi, ya ware wasali, ya ware karin sauti, kuma ya ci gaba da gyara shi yana sauƙaƙawa har kusan ƙarshen ransa. A duk tarihin duniya 'yan kaɗan ne aka sani da suka ƙirƙiri rubutu ba tare da sun iya wani rubutun ba. Mu da muka ari ajami daga Larabawa, muka ari boko daga Turawa, ya kamata mu san girman wannan aiki.

Ladansa? 'Yan gurguzu suka zarge shi da yi wa Amurka aiki, mutanen Vang Pao suka zarge shi da yi wa 'yan gurguzu aiki. Aka ɗaure shi, mabiyansa suka fitar da shi, a 1971 aka bi shi har gida aka harbe. Mutanensa suna kiransa "Uwar Rubutu", ko da yake namiji ne. A 2014 aka shigar da baƙaƙensa cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya.

Amma rubutun da ya fi yaɗuwa a yau shi ne na boko, wanda wasu 'yan mishan uku, William Smalley, Linwood Barney da Yves Bertrais, suka tsara tare da Hmong masu taimaka musu a farkon shekarun 1950. Akwai dabara a ciki da ta burge ni. Harshen yana da karin sauti bakwai ko takwas, sai suka mai da harafin ƙarshen kalma alamar karin. Idan an rubuta "Hmoob", wannan "b" ba furta ta ake ba, tana nuna a ɗaga murya ne. Mu har yau sai mai karatu ya duba jimla kafin ya san ko "baba" mahaifi ne ko na rini. Na rinin ma Hmong suna da shi: matansu sun shahara da zanen kakin zuma a kan ƙyalle kafin a tsoma shi a baba, aikin da marinan Ƙofar Mata za su gane da kallo ɗaya.

Daga sansanonin gudun hijira na Tailan, musamman Ban Vinai, aka riƙa rarraba su. Wani rukuni Faransa ta kai can Kudancin Amurka, yankinta na Guyane, ta sauke su a tsakiyar kurmi a wani wuri mai suna Cacao a 1977, sannan Javouhey a 1979. 'Yan ƙasar ba su yi marhabin da su ba. Suka sa gatari suka sare daji, suka yi lambu. A yau mafi yawan ganye da 'ya'yan itacen da ake sayarwa a kasuwannin yankin daga gonakinsu suke fitowa. Ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu a duniya ba, amma manomin riɗi da zoɓo na Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fi kowa sanin abin da ake nufi da mai da saura gona.

Mafi yawa Amurka aka kai, suka taru a Minnesota, Wisconsin da Kalifoniya. Ka dubi mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba, bai san makunnin lantarki ba, an sauke shi a St. Paul ta Minnesota da tsakiyar hunturu. Iyaye suka shiga masana'anta da noman kayan miya, yara suka shiga aji. Kafin nan ma an sami na farko da ya yi digirin digirgir, Yang Dao, a Paris a 1972. A 1991 Choua Lee ta ci zaɓen hukumar makarantun St. Paul. A 2002 Mee Moua, wadda aka haifa a Laos a 1969 ta kuma yi zaman sansani tana yarinya kafin ta zama lauya, ta ci kujerar majalisar dattawan jihar Minnesota. Kao Kalia Yang, haihuwar Ban Vinai a 1980, ta rubuta labarin kakarta da gudun danginta a littafin The Latehomecomer a 2008. Mai Der Vang ta kai zagayen ƙarshe na kyautar Pulitzer a fannin waƙa a 2022. Lura da cewa duk mata ne in ban da na farko, a al'ummar da a da ake aurar da yarinya tun ba ta gama girma ba. Ba duka ne labari mai daɗi ba: Sheng Thao ta zama magajiyar garin Oakland a zaɓen 2022, a 2024 masu zaɓe suka yi mata kiranye.

Sai Sunisa Lee. An haife ta a St. Paul a 2003. Tana ƙarama ba ta da aiki sai alkafura a kan gado da kujeru, gidan kuma ba kuɗin sayen kayan horo, sai mahaifin da ya rene ta ya haɗa mata siririn katako a bayan gida. Katakon da ake gasa a kansa faɗinsa santimita goma ne, kamar faɗin tafin hannu, a kansa ake tsalle a juya a iska a dira. A 2019, kwana kaɗan kafin gasar alkafura ta ƙasa, mahaifin ya faɗo yana taya maƙwabci sassabe bishiya, ƙafafunsa suka shanye. Ta je gasar, ta zo ta biyu. A wasannin Olamfik na Tokyo, da korona ta sa aka ɗaga zuwa 2021, gwanar da kowa ya sa wa ido, Simone Biles, ta janye. Ranar 29 ga Yuli Sunisa ta ci lambar zinare ta gasar da ake haɗa dukkan fannoni huɗu, da ratar da ba ta kai rabin maki ba tsakaninta da Rebeca Andrade ta Barazil. Ba a bar 'yan kallo sun shiga ba, don haka dangi da jama'ar Hmong suka cika wani zaure a Minnesota tun asuba suna kallo a talabijin. Ta dawo da lambobi uku. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita a 2023, ta tashi, ta sake ɗauko uku a Paris a 2024.

A Tokyo ɗin nan Najeriya mai mutum sama da miliyan ɗari biyu lambobi biyu ta samu, azurfar Blessing Oborududu a kokawa da tagullar Ese Brume a tsalle. A Paris ko ɗaya. Na ajiye wannan a nan ba sharhi.

A Sin ma 'yan'uwansu Miao sun yi fice. Long Qingquan, Miao daga Hunan, ya ci zinare a ɗaga nauyi ajin kilo 56 a Beijing a 2008, ya sake ci a Rio a 2016. Song Zuying, ita ma Miao, ita ce ta yi waƙa tare da Plácido Domingo a bikin rufe wasannin 2008. Shen Congwen na Fenghuang, wanda kakarsa Miao ce, yana cikin manyan marubutan Sin na ƙarni na ashirin. A Laos kuwa, ƙasar da aka kore su daga cikinta, Pany Yathotou ta shugabanci majalisar ƙasa daga 2010 zuwa 2021, daga nan ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa.

Mai karatu zai lura sunayen suna ta maimaita kansu: Lee, Yang, Vang, Moua, Thao. Dalili shi ne dangi 18 ne gaba ɗaya, kowa da sunan danginsa yake yawo. Mai suna Vang ba ya auren Vang ko da ba su haɗa kaka na goma ba, saɓanin auren zumuncinmu. Amma idan Vang ya sauka a baƙon gari, ya buga wa kowane Vang ƙofa, ya sami tabarma da tuwo. Da wannan igiya suka nemo juna bayan an watsa su, da ita ake tara kuɗin jana'iza, ta kwana da kwanaki ana busa sarewar gora da suke kira qeej, da ita kuma aka riƙa tara wa Sunisa kuɗin tafiye-tafiyen gasa.

Mu sunan gari muke ɗauka, al'adar da makarantar boko ta ƙarfafa. Kuma sunan namu ya yi tafiya. Injiniya Habu Gumel ya shiga kwamitin Olamfik na duniya a 2009, shi ne shugaban kwamitin Olamfik na Najeriya lokacin da ake wasannin Tokyo ɗin da muke magana. Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero, ya yi na digirgir a Brunel ta Ingila a 1994, yana cikin fitattun masu amfani da lissafi wajen gano yadda annoba ke yaɗuwa, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa korona, yana kuma koyarwa a Jami'ar Maryland. Wanda ya ga sunayen nan a takarda ya san akwai gari mai suna Gumel. Ba zai san akwai wasu mutane da ake ce wa Mangawa ba.

Kada kuma a ɗauka su Hmong sun tsira. Jikokin da aka haifa a Amurka da yawa Turanci ya fi musu sauƙi a baki, tsofaffi suna ta ƙorafi irin na dattijona mai raguna. Bambancin shi ne sun ga ramin tun kafin su faɗa. A St. Paul akwai makarantun da ake koyar da harshen a aji, kuma tun 2004 Jami'ar Concordia ta buɗe cibiyar nazarin Hmong inda ake tara hotuna, takardu da muryoyin tsofaffi.

Manganci bai mutu ba. Ana yin sa a Gure da Maine-Sorowa a Nijar, ana yin sa a wajejen Nguru da Yusufari a Yobe, kuma duk Alhamis yana shigowa Maigatari tare da raguna da raƙuma. Kakata ta rasu ban tambaye ta ko kalma goma ba. Kai da taka take raye, ko a Ɗanzomo take ko a wani ƙauye bayan Gumel, wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Ka zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, ka ce, "Iya, yaya ake cewa ruwa?"